A-kori-kura ta aiki ko ful ofshin: wacce ta dace da hanyoyin Katsina da Daura?

Duk wanda ya shiga wurin dillalan motoci a Katsina da niyyar sayen a-kori-kura, tambayar farko da za a tare shi da ita ita ce: "Alhaji, ful ofshin kake so ko ta aiki?" Daga nan sai a nuna masa motoci biyu, suna ɗaya, shekara ɗaya, amma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ta isa a sayi wata ƙaramar mota. Ɗaya fara ce fat, da baƙar bamba da rim na ƙarfe da kujerun yadi. Ɗayar kuwa sai walƙiya take, kujerun leda, allon taɓawa a dashbod, fitilu kamar idon mage, ana tayar da ita da maɓalli.

Abin da muke so mai saye ya riƙe shi ne, wannan ƙarin kuɗin kashi biyu ne. Akwai kuɗin ƙarfe, wato inji da giya da jan taya huɗu da kayan kare rai. Akwai kuma kuɗin ado. Dillali yana haɗa su a ƙunshi ɗaya ya kira shi ful ofshin, aikin mai saye ne ya kwance ƙunshin ya ga nawa ne na ƙarfe, nawa ne na ado. Za mu fi kafa misali da Toyota Hilux domin ita ce ta cika hanyoyinmu, amma maganar ta shafi Mitsubishi L200 da Ford Ranger da Isuzu D-Max da sauransu.

Sunan aji ba ya gaya maka komai sai ka san ƙasar da aka yi wa motar. Hilux ɗin da aka yi wa ƙasashen Larabawa, irin wadda ake shigowa da ita daga Dubai, tana hawa ne daga DLX da GL zuwa GLX, sannan Adventure da GR Sport a sama. Ta Ostireliya tana farawa da Workmate, sai SR, sai SR5. Ta Ingila kuwa Active ce a ƙasa, Invincible a sama. A wajen Ford, XL ce ta aiki, XLT ta tsakiya, Wildtrak ta sama. Don haka GLX ɗin wata kasuwa na iya rasa abin da SR ɗin wata kasuwa ke da shi. Balle kuma rubutun da ke jikin mota sitika ce, ana sayen ta a manna. Abin da ba ya ƙarya da sauƙi shi ne farantin da kamfani ya kafa a jikin motar, za mu dawo kansa.

Inji

Mutane da yawa suna zaton babban aji yana nufin babban inji. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma ba haka ba. Yawancin Hilux ɗin da ke Najeriya injin fetur mai lita 2.7 ne a cikinsu, wanda ake kira 2TR-FE, kuma shi ɗin ne dai za ka tarar a ta aiki da kuma a wadda ta sha ado. Idan haka ne, duk ƙarin kuɗin da ka biya bai ƙara maka ƙarfin jan ko buhu ɗaya ba. Hasali ma ta adon ta fi nauyi, injin ya fi wahala a cikinta. Wannan inji ba shi da tobo, sarƙa yake amfani da ita a maimakon bel na timin, kuma da wuya a sami bakanike daga Funtua zuwa Kongolam da bai taɓa kwance shi ba. Aibinsa shan mai. Da lodi da kwandishan, ka ƙiyasta wajen lita 12 ko fiye a kowace kilomita 100.

Inda aji ke sauya inji da gaske shi ne a ɓangaren dizal. A ƙirar da ta fito a 2015, ƙananan aji sukan zo da inji mai lita 2.4, wato 2GD, mai ƙarfin doki kusan 150. Manyan aji kuma suna zuwa da mai lita 2.8, wato 1GD, wanda ya fara da ƙarfin doki 177, aka ɗaga shi zuwa 204 a 2020. A tsohuwar ƙirar da aka fi sani da Vigo, rabon shi ne 2KD mai lita 2.5 a ƙasa, 1KD mai lita 3.0 a sama, kuma su biyun bel ne na timin gare su, wanda ake sauyawa a kilomita 150,000. Wanda ya yi sakaci bel ɗin ya tsinke a kan gudu, bawul da fistin za su yi karo, aikin ya koma na kwance kan inji. A can ƙasa kuma akwai 5L-E mai lita 3.0, tsohon zubi marar tobo, wanda ake sa wa motocin ƙungiyoyin agaji da kamfanonin aikin daji. Ba ya gudu, wuce tirela da shi a hanyar Kano sai an yi lissafi, amma ya fi sauran haƙuri da man da ba shi da kyau.

Nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani sosai. Injin dizal na zamani yana tura mai cikin nozul da matsi mai tsananin gaske, ramukan nozul ɗin kuma ƙanana ne ƙwarai. Ruwa kaɗan ko ƙasa a cikin dizal ya isa ya cinye famfo da nozul, kuma huɗu ne nozul ɗin, ba a cika sauya ɗaya a bar uku ba. Wanda ke shan mai a gidan mai ɗaya da ya amince da shi a cikin gari, yana sauya filtar mai a kan kari, yana tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasan filta da zarar fitilar gargaɗi ta kama, zai ji daɗin 2.8. Wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan da sai dai ya sayi mai a jarka wurin 'yan bumburutu, kada ya kusanci wannan inji. Fetur 2.7 ne nasa, ko 5L-E.

Ƙari a kan haka, manyan aji da aka yi wa Turai suna ɗauke da wata matatar hayaƙi a cikin salansa mai suna DPF. Tana tara baƙin hayaƙi, sai mota ta yi doguwar tafiya da zafi sannan ta ƙone shi. Motar da aikinta daga Kofar Ƙaura zuwa Kofar Soro ne kullum ba ta samun wannan zafin, sai matatar ta toshe, ƙarfin mota ya faɗi, dizal ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Tana kuma buƙatar baƙin mai na musamman marar yawan toka, ba kowane galan ba. A tambaya tun kafin ciniki ko motar tana da ita.

Batun tsimin mai gaskiya ne. Zuwa Kano da dawowa daga Katsina wajen kilomita 340 ne. Mai fetur za ta sha kusan lita 40, mai dizal 2.4 kusan lita 30. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wannan tazara ta fara ma'ana. Amma a ninka kowace da farashin litarta na ranar, sannan a tuna cewa gyaran nozul sau ɗaya na iya haɗiye ribar tsimin shekara guda.

Giya da jan taya huɗu

Ta aiki yawanci giyar hannu ce, ta sama otomatik. Otomatik hutu ce a cunkoso, kuma a rairayi tana da wata fa'ida, domin ba ta yanke jan taya lokacin sauya giya, wanda shi ne daidai lokacin da mota ke nutsewa. Maƙiyinta zafi ne. Lodi mai nauyi a rairayi cikin watan Afrilu yana dafa man giya, man da ya ƙone kuma shi ke cinye faifan ciki. Idan an zuba mata man da ba nata ba, ita ma ta tafi. Giyar hannu kuwa abin da ke ƙarewa a cikinta kuloci ne, aikin yini ɗaya a Katsina ko Daura. Kuma idan batir ya mutu a gona, mai giyar hannu ana tura ta ta tashi. Ga motar da direbobi daban-daban za su riƙa karɓa, mu giyar hannu muke zaɓa ba tare da wani dogon nazari ba.

Jan taya huɗu, wanda direbobi ke kira agzilari, shi ne abu na farko da ya cancanci ƙarin kuɗi, kuma ba lallai sai a babban aji ake samun sa ba. Akwai ta aiki mai taya huɗu, akwai kuma mai ado da tsayi wadda tayoyin baya kaɗai ke ja. Wannan ta biyun ita ke yaudarar mutane, don daga nesa ba ta da bambanci. A durƙusa a leƙa ƙarƙashin gaba, idan babu sandunan da ke kai juyi zuwa tayoyin gaba, to ba mai taya huɗu ba ce, ko me aka rubuta a gefenta.

Ƙasarmu iri biyu ce. Arewa, wato Daura, Mai'adua, Zango, Baure, Mashi, Kaita da Jibiya, rairayi ne, musamman a bakin gulbi da rani. Kudu, wajen Funtua, Bakori, Danja, Dandume da Kafur, laka ce da damina. A duka biyun a-kori-kurar da ba lodi a bayanta tana saurin kafewa, saboda bayanta ba nauyi, tayoyin da ke ja kuma can suke. Wanda zai riƙa sauka daga kwalta ya sayi mai taya huɗu ko da kujerunta na roba ne.

Yadda ake sa agzilarin ma ya bambanta. Vigo sanda ce gare ta a gefen giya, hannu ke ja, ƙarfe ya kama ƙarfe. Ƙirar 2015 zuwa sama maɓallin murɗawa ne mai H2 (jan taya biyu) da H4 (jan taya huɗu) da L4 (jan taya huɗu a ƙaramar giya mai ƙarfi), wani ɗan injin lantarki ne ke yin aikin a ƙarƙashin mota. Idan an daɗe ba a taɓa shi ba, ko ruwa ya shige shi a tsallaka kwazazzabo, sai ya maƙale, fitila ta yi ta ƙyaftawa a dashbod, taya huɗu ba ta shiga ba. Maganinsa sauƙi ne: kowane wata a sami hanyar burji a sa H4 a yi tafiyar kilomita 15 ko 16 don mai ya zagaya. Kada kuma a yi tafiya da H4 a busasshiyar kwalta, domin babu abin da ke raba gudun tayoyin gaba da na baya a kwana, sai ƙarfen ciki ya ɗaure, taya ta ci, giyar agzilari ta wahala. L4 kuwa sai an tsaya cik, an sa giya a firi, sannan a murɗa.

Abu ɗaya da babban aji kan zo da shi wanda ke da amfani na haƙiƙa a daji shi ne makullin difirenshal na baya. Idan taya ɗaya ta faɗa laka tana juyawa a banza, wannan maɓalli yana ɗaure tayoyin baya biyu su juya tare. A Hilux yana shiga ne a L4, mota tana tsaye ko tana rarrafe ƙasa da kilomita 8 a awa, kuma da an fita a cire shi. Ga mai gona a fadama wannan kaɗai ya fi allon taɓawa da kujerun leda da fitilun ado a haɗe.

Taya da lodi

Ta aiki tana zuwa da rim na ƙarfe da siririyar taya irin 205R16C. Harafin C ɗin yana nufin taya ce ta ɗaukar kaya, gefenta mai kauri. Ta sama tana zuwa da rim na alminiyom da faffaɗar taya, 265/65R17 ko 265/60R18. Faffaɗar ta fi riƙe kwalta, ta fi laushi, kuma a rairayi tana yin kyau idan an rage iska zuwa wajen 20, a mayar da ita da an hau titi. Amma ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma biyar za ka saya har da safaya. Mai inci 18 ba kowane gari ake samun ta ba, wataƙila sai an aika Kano. Rim na ƙarfe idan ya daki rami lanƙwasa yake yi, mai faci ya buga shi da guduma a ci gaba da tafiya. Na alminiyom tsagewa yake yi, kuma wanda aka yi wa walda ba abin amincewa ba ne a gudun kilomita 120. Kututturen kara da ƙayar bagaruwa ma sun fi samun sa'ar gefen tayar da ba ta da C. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida a zafin nan namu a sa kuɗin sauya ta cikin lissafin ciniki, ko da zanenta bai goge ba.

Batun lodi yana ba mutane mamaki: sau da yawa ta aiki ta fi ta sama ɗaukar kaya. Kamfani yana ƙayyade iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. Duk wani ƙarfen ado na baya, matakalar gefe, murfin bodi, kujerar lantarki da giyar otomatik, daga wannan iyaka ake cire su. A ce abin da ya rage wa mai ƙofa huɗu kilo 900 ne. Mutum biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Saura 550, wato buhun masara biyar da ɗan ƙari, ko buhun taki 11. Mun san ana ɗora ninkin haka ranar kasuwar Mai'adua ko Dandume, shi ya sa ake ganin fallen sifirin ya karye, shokozoba ya zubar da mai, wani lokaci ma shasi ya lanƙwashe tsakanin kai da bodi. A ƙirga fallayen sifirin na baya, domin a wasu kasuwanni ana sa wa babban aji mai laushi don jin daɗin zama. Wasu ma, irin Ford Ranger Raptor da Nissan Navara mai ƙofa huɗu ta ƙirar 2015 zuwa sama a yawancin kasuwanni, naɗaɗɗen sifirin ne a bayansu. Raptor kam ba don dakon buhu aka yi ta ba.

Bodin ma ya bambanta. Na mai ƙofa huɗu tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne, na mai ƙofa biyu wajen mita 2.3. Bodin ta aiki yakan zo da ƙugiyoyi a waje na ɗaure igiya da tamfol, da ƙarfen da ke kare gilashin baya. Na ta sama sumul yake, an rufe shi da ado, kuma murfin da ake naɗewa yana cin wuri. Wanda zai ɗauki raguna, bututun rijiyar burtsatse ko injin ban-ruwa zai ƙare da kwance rabin abin da ya biya kuɗinsa. Robar da ake shimfiɗawa a bodi kuma a riƙa ɗaga ta ana wankewa, don takin yuriya da ruwa suna taruwa a ƙarƙashinta su ci ƙarfe ba a sani ba.

Inda babban aji ya yi gaskiya

Ba za mu rage wa ta sama haƙƙinta ba. A kan kare rai ta fi, kuma wannan ba ado ba ne. Ƙaramin aji na iya zuwa da jakar iska biyu ko uku, babba ya kai bakwai, har da na gefe da na saman tagogi. Tsofaffin ƙananan aji wasu ko birkin ABS, mai hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, ba su da shi. Mafi muhimmanci shi ne VSC, na'urar da ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya da kanta idan mota ta fara zamewa. A-kori-kura doguwa ce, bayanta ba nauyi, kauce wa saniya ko ɗan acaɓa da gudu a hanyar Daura na iya ɗaga ta. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar Hilux a irin wannan kaucewa, tayoyin gefe ɗaya suka ɗaga sama, har Toyota ta sake saita wannan na'ura. Idan mai na'urar ta yi haka, ina ga marar ita. Duk wanda zai riƙa ɗaukar iyali zuwa Kano, Zariya ko Abuja, ya nemi ajin da ke da VSC da jakunkunan iska na gefe, ya rage kuɗin a wani wuri.

Kwandishan ma a nan ba alatu ba ne, a garin da zafi ke haura digiri 40 da bazara. Amma sanyin na ta aiki da na ta sama kusan ɗaya ne, bambancin a maɓallai yake. Abin dubawa shi ne ko akwai mafitar iska ta kujerar baya. Kujerar leda kuwa, bayan mota ta yi awa biyu a rana ba ta zaunuwa, kuma tana tsagewa da hunturu. Daɓen roba na ta aiki ana wanke shi da bokiti. Kafet yana riƙe ƙura da warin duk abin da ya zuba.

Sai kayan da ke lalacewa. Fitilar ta aiki ƙwai ne na H4, ana samun sa a kowane shagon kayan mota, a sauya cikin minti biyar. Fitilar LED ta babban aji ta fi haske sosai, amma idan ta mutu ko dutse ya fasa ta, yawanci gidan fitilar gaba ɗaya ake saye. Madubin da ke naɗe kansa da lantarki, Keke Napep ɗaya ya goge shi a kasuwa an shiga kashe kuɗi. Makullin da ba a sokawa idan ya ɓace sai an nemo mai kwamfutar da zai haɗa sabo da burenbos, wato kwamfutar motar. Wadda ke da kyamara a gilashin gaba da na'urar hango mota a bayan tambari, idan an sauya gilashi sai an sake saita kyamarar, idan kuma an ɗaura ƙarfen kariya a gaba yana iya tare na'urar, dashbod ya cika da fitilu. Ƙurar hunturu tana rufe waɗannan idanu, tana kuma lulluɓe sensar da ke auna iskar shiga inji, mota ta rasa ƙarfi. Gyaran duk waɗannan sai mai wayarin da ke da kwamfutar duba mota kuma ya iya karanta ta. Ana samun su a Katsina da Kano, amma kafin ka sayi motar ka san wanda za ka kai wa. Gilashin baya mai duhu na kamfani ma yana jawo tambayar takardar izinin 'yan sanda a shingen hanya.

Akwai kuma maganar da dillali ba zai yi ba. A wasu hanyoyin yammacin jihar, inda matsalar tsaro ta yi ƙamari, motar da ke walƙiya tana sanar da cewa mai hali ne a ciki. Wanda harkarsa ke can ya sa wannan a ma'auni.

Hanya mafi sauƙi ta raba gardama ita ce a tambayi kai: wanne zan iya ƙarawa daga baya? Allon taɓawa, kyamarar baya, rigar kujera, rim, fitilar hazo, robar bodi, duk ana sa wa ta aiki a yini ɗaya, da sharaɗin a ja wayar ta hanyar fiyus, kada a fere wayoyin kamfani a murɗa, don nan ne gobara da zuƙewar batir ke farawa. Amma inji, giya, taya huɗu, makullin difirenshal, VSC da jakunkunan iska, yadda mota ta fito daga kamfani haka za ta ƙare. Shi ya sa ajin tsakiya, irin GLX ko SR ko XLT mai taya huɗu, yakan fi dacewa da mutumin da mota ɗaya ce za ta kai shi gona ranar Asabar ta kai shi ɗaurin aure ranar Juma'a. Yakan samu kayan ƙarfen ba tare da rabin kayan lalacewar ba.

Ga mafi yawan masu saye ma zaɓin ba tsakanin sababbi biyu ba ne. Kuɗi ɗaya ne a hannu, ko dai ya sayi ta aiki mai ƙarancin shekaru, ko ful ofshin da ta girme ta da shekara huɗu ko biyar. A nan mun fi karkata ga mai ƙarancin shekaru, domin kayan lantarki su ke fara tsufa, kuma tsohuwar ful ofshin tana da su da yawa. Sai dai a lura, ta aiki sau da yawa daga hannun kamfanin gine-gine ko ma'aikata ta fito, ta sha wuya a hannun direbobi goma. A duba cin da robar feda da sitiyari suka yi a gwada da abin da mita ke nunawa, don ana mayar da mita baya. Wajen sayarwa kuma ta aiki mai fetur da giyar hannu ba ta kwana, manomi da ɗan kwangila da ɗan kasuwa duk masu sayenta ne. Ta sama masu sayenta kaɗan ne, kuma suna son sabon yayi.

Wannan son yayin ne ya haifar da sana'ar ofgiredin. Ana ɗaukar Hilux ta 2016 a sauya mata fuska, fitilu da bamba ta koma kamar ta 2021, har Vigo ma ana yi wa. Ba laifi ba ne idan an faɗa, laifin shi ne a sayar da ita a farashin abin da ba ita ba. A nan farantin kamfani ke aiki. TGN na nufin fetur 2.7 ko 2.0, GGN fetur 4.0 mai silinda shida, KUN tsohon dizal, GUN sabon dizal, LAN kuma 5L-E. Lamba biyu bayan haruffan, irin KUN25 ko TGN26, Vigo ce. Lamba uku, irin GUN125 mai 2.4 ko GUN126 mai 2.8, ƙirar 2015 zuwa sama ce. Harafin da ke biye shi ne mafi muhimmanci: L na nufin an ƙera ta da sitiyari a hagu, R a dama. Idan ka ga R amma sitiyari yana hagu, an juya ta ne, kamar yadda ake yi wa waɗanda suka fito daga Tailan, Ingila ko Ostireliya, kuma yawancin masu ado sosai daga can suke. Juyin yana taɓa sitiyari, bututun birki, wayarin da jakunkunan iska. Komai arhar ta, a bar ta.

Kafin a biya, a haɗa lambar shasi da ke jikin ƙarfen da ta faranti da ta takardun kwastan, harafi da harafi. Wannan ya fi muhimmanci a nan kusa da iyaka, tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, kuma mai ado ita ta fi jan idon jami'ai a hanya. A duba shekarar da ke jikin ƙyallen bel na kujera. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a tabbatar fitilar jakar iska da ta ABS da ta inji sun kama, sannan sun mutu bayan an tayar, domin ana cire ƙwan fitilar don ɓoye matsala. A zo da sassafe a tayar da ita tana sanyi. A fita da ita bayan gari a sa H4, a sa L4, a danna makullin difirenshal a jira fitilarsa ta daina ƙyaftawa ta tsaya. A danna kowane maɓalli da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya, duk wanda bai yi aiki ba a tambayi kuɗin gyaransa ta waya a kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa da ke Kano, a cire shi daga farashi kafin a yi maganar la'ada.